Easley Blackwood

Easley Rutland Blackwood (25 ga Yuni, 1903 – 27 ga Maris, 1992) Ba'amurke ne, ɗan wasan kartar Bridge kuma marubuci. An haife shi a Birmingham ta jihar Alabama, ya yi aikin inshora a Indianapolis, inda ya rasu.

Tsarin Blackwood

Mutum huɗu ke buga Bridge, biyu-biyu, da kati 52, a zagaye 13. Kafin a fara, ana yin tayi kan zagayen da kowane ɓangare zai ci. Alkawarin cin 12 ko 13 shi ne silam, mai maki da yawa. Amma idan abokan hamayya na riƙe da as biyu, wato katin A, yawanci silam ya faɗi.

A 1933 Blackwood ya ƙirƙiro mafita: tayin 4NT ya zama tambayar as nawa abokin wasa ke riƙe da su. Amsar 5♣ na nufin babu ko huɗu, 5♦ ɗaya, 5♥ biyu, 5♠ uku.

Tambaya ko gayyata

Ba kowane 4NT ne tambaya ba. Idan abokin wasa ya buɗe da 1NT, amsar 4NT gayyata ce: ya tafi 6NT in hannunsa na da ƙarfi, in ba haka ba ya tsaya. A nan ana tambayar as da 4♣, tsarin John Gerber. Rikita biyun kan jawo asarar silam.

Karramawa

An sanya shi cikin zauren gwarazan ƙungiyar ACBL a 1995.