John Newton: Mai Fataucin Bayi Da Ya Tuba

Duk wanda ya taɓa shiga majami'a, ko ya saurari waƙoƙin Kirista a rediyo, da wuya a ce bai ji waƙar nan ta Turanci mai suna Amazing Grace ba. Amma ba kowa ya san cewa wanda ya tsara ta tsohon mai fataucin bayi ne ba. Sunansa John Newton, kuma tarihinsa nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai, domin akwai abin lura a ciki ga duk wanda yake ganin laifinsa ya fi ƙarfin gafara.

An haife shi a birnin Landan a shekarar 1725. Ubansa kyaftin ɗin jirgin ruwa ne, uwarsa kuwa mace ce mai ibada, ita ta koya masa karatu da ayoyin Littafi Mai Tsarki. Tarin fuka ya kashe ta a 1732, yaron bai cika shekara 7 ba. Da ya kai shekara 11 sai uban ya fara tafiya da shi teku. Can ya shiga cikin ma'aikatan jirgi, ya koyi ashar da taurin kai, har ya kai yana yi wa addini ba'a, yana kuma jan abokansa su bar shi.

Yana wajen shekara 18 aka kama shi da ƙarfi aka sa shi aikin sojan ruwa a wani jirgin yaƙi mai suna Harwich. Ya gudu, aka kamo shi, aka tsula masa bulala a gaban jama'a, aka rage masa girma. A 1745 aka mayar da shi wani jirgin fatauci da ya nufo Afirka ta Yamma. Ya sauka a wani ɗan tsibiri kusa da gaɓar Saliyo, ya kama aiki wurin wani Bature mai cinikin bayi. Nan fa ya ɗanɗana kuɗarsa. Zazzaɓi ya kwantar da shi, matar maigidan ta riƙa wulaƙanta shi tana hana shi abinci. Abin mamaki, bayin da ke ɗaure su ne suka riƙa ɓoyo abincinsu suna ba shi. Duk da haka zuciyarsa ba ta yi laushi ba.

Ubansa ya roƙi a nemo masa ɗansa, har wani jirgi mai suna Greyhound ya ɗauko shi zuwa gida. A watan Maris na 1748, suna tsakiyar teku, wata muguwar guguwa ta tasam musu da dare. Ruwa ya fasa gefen jirgin, igiyar ruwa ta share wani mutum da ya hau sama a daidai lokacin da Newton zai hau. Ya yi awoyi yana buga famfo don fid da ruwa, ya ɗaure kansa da igiya kada teku ta tafi da shi. A cikin wannan hali ne bakin da ya saba da saɓo ya nemi jinƙan Ubangiji. Da hadarin ya lafa sai ya shiga karanta Sabon Alkawari, musamman labarin ɗan nan mubazzari da ya koma wurin ubansa, a Luka sura 15. Bayan kusan wata guda suka isa ƙasar Ailan, abincinsu saura ƙiris. Har ƙarshen ransa kowace shekara yana keɓe wannan rana don godiya ga Allah.

To, a nan ne labarin yake da ɗaci. Newton ya bar ashar da caca, amma bai bar cinikin mutane ba. Ya yi aure a 1750, ya zama kyaftin, ya yi tafiya uku yana ɗibar bayi daga gaɓar Afirka zuwa tsibiran Karebiyan. Ran Lahadi yakan tara ma'aikatansa a yi addu'a a saman jirgi, alhali ga 'yan'uwanmu a ƙasa ɗaure cikin mari. Har ya azabtar da waɗanda suka yi yunƙurin ƙwatar kansu. Ciwo ne ya raba shi da teku a 1754, lokacin da ya yanke jiki ya faɗi ana shirin sabuwar tafiya. Daga baya shi da kansa ya yarda cewa tubansa na wancan zamani bai cika ba.

Ya sami aikin kwastan a Libaful, yana koyon Girkanci da Ibrananci a gida. Ya nemi zama limamin Ikkilisiyar Ingila aka yi ta ƙin sa, sai a 1764 aka naɗa shi aka tura shi garin Olney. A can ya tsara waƙar da na ambata domin wa'azin sabuwar shekara ta 1773, aka buga ta a 1779 cikin littafin waƙoƙin da suka haɗa da abokinsa William Cowper. Daga nan ya koma wata majami'a a Landan.

A 1785 wani saurayi ɗan majalisa, William Wilberforce, ya zo wurinsa yana tunanin barin siyasa don bautar Allah. Newton ya ba shi shawara ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a can. Wannan saurayi shi ya zama jagoran yaƙi da cinikin bayi. A 1788, shekara 34 da barin teku, Newton ya buga ɗan littafi yana tona asirin kansa, ya bayyana abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya aikata, ya ce yana jin kunyarsa. Aka aika wa 'yan majalisa littafin. A watan Maris na 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi, shi kuwa ya rasu ran 21 ga Disamba na wannan shekara, yana da shekara 82, idanunsa sun riga sun mutu.

Ni a ganina bai kamata mu wanke shi sarai ba. Mutanen da ya sayar ba su komo gida ba, kuma ya daɗe ƙwarai kafin ya buɗe baki. Amma bangaskiyarsa cewa Yesu Almasihu ya gafarta masa ita ta ba shi ƙarfin faɗin laifinsa a bainar jama'a ba tare da neman hujja ba, domin wanda ya tabbata an yafe masa ba shi da sauran abin ɓoyewa. Tuban gaskiya kuwa sai an gan shi a aiki. Allah Ya ba mu zuciyar gane kuskure da wuri, Ya kuma ba mu ikon gyarawa, amin.