Rowland Bingham, Wanda Ya Riƙe Amanar Abokansa

A wannan biki na jubili ya kamata mu tuna da waɗanda suka share mana hanya. Mu da muke aikin bishara a Nima da Mamobi da sauran zangunan Ankara mun san darajar abokin tafiya, gama kakanninmu fatake ba su bi hanyar Gwanja su kaɗai ba. Ga labarin abokan tafiya uku, da na ɗaya wanda ya rage.

An haifi Rowland Bingham a garin East Grinstead na ƙasar Ingila cikin shekarar 1872. Yana yaro ubansa ya rasu. Ya ba da gaskiya ga Almasihu a wurin wa'azin Salvation Army, sa'an nan ya haye zuwa Kanada. A birnin Toronto, cikin 1893, wata dattijuwa mai suna Uwargida Gowans ta ba shi labarin ɗanta Walter, wanda ya ƙudura ya kai bishara ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na Arewa, amma ba wata mishan da ta yarda ta aike shi. Bingham ya tashi ya bi shi. Thomas Kent kuwa, mutumin Buffalo ta Amurka, abokin makarantar Walter ne, shi ma ya ce ba za a bar shi a baya ba.

Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893, ba albashi, ba mai ɗaukar nauyinsu. Manyan 'yan mishan na bakin teku suka faɗa musu ba za su ga Sudan da idonsu ba. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham, sai aka shirya shi ya zauna Ikko yana karɓar wasiƙu da kaya, su biyu su nufi arewa.

Sa'ad da guzurinsu ya ƙare, Kent ya ɗauki wahalar komowa bakin teku domin ya samo wa abokinsa abin bukata. Da ya iso, hanyar gida a buɗe take, ga jiragen ruwa, ga shi ya ɗanɗana zafin ƙasar. Amma ya sake juyawa arewa, gama ya bar Walter yana jiransa. Ba su ƙara ganin juna ba. Gowans ya rasu a Girku, ta wajen Zariya, cikin Nuwamba 1894. Kent ya rasu a Bida cikin Disamba na shekaran nan. Irin ƙaunar da Ubangiji ya koya wa almajiransa cikin Yohanna sura 15 ke nan, irin wadda ta sa Yonatan ya tsaya wa Dawuda a gaban fushin Saul.

Bingham ya koma Kanada cikin 1895, ya kai wa Uwargida Gowans 'yan kayan ɗanta. Ita kuwa ta nuna masa ya fiye mata ɗanta ya mutu cikin biyayya ga Ubangiji da ya zauna gida cikin rashin biyayya. Daga ran nan Bingham ya ɗauki aikin abokansa kamar bashi a wuyansa. Ya koyi aikin magani, ya yi aikin fasto, ya tara masu taimako. Ya sake zuwa Ikko cikin 1900, zazzaɓi ya sake kora shi gida. Duk da haka bai saki ba. Ya aiko waɗansu mutum huɗu, suka kafa tasha ta fari a Patigi, bakin Kwara, cikin 1902.

Shekara arba'in bayan wannan yana shugabancin Sudan Interior Mission, har ya rasu cikin Disamba 1942. Cikin 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin nan suka haɗu suka zama ECWA. Makarantar Kent Academy ta Miango tana ɗauke da sunan Thomas Kent.

'Yan'uwa, da yawa cikinmu baƙi ne a zango, nesa da dangi. Aboki shi ne ɗan'uwan baƙo. In abokinka ya kwanta ciwo, ko aiki ya kuɓuce masa, ko an tsane shi sabili da sunan Yesu, kada ka juya masa baya. In kuwa ya riga ka zuwa wurin Ubangiji, ka riƙe abin da ya bari. Allah ya ba mu aminci irin nasu. Amin.