Tomas Mogan da Ƙudajensa

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, amma ina gadon kama yake ɓoye a jiki? Wani masani, Tomas Mogan, yana cikin waɗanda suka gano amsar.

An haife shi a Amurka cikin shekarar 1866. Tun yana yaro ba shi da abin so kamar tara ƙwan tsuntsaye. Da ya girma ya zama malami a Jami'ar Kolumbiya. Can ya shiga kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, yana zuba su cikin kwalaben madara, domin kafin mako biyu sun hayayyafa.

Ƙudajen nan jajayen idanu gare su. Ran nan, cikin 1910, sai ya ga wani namiji mai fararen idanu. Ya haɗa shi da mace mai jajaye. 'Ya'yansu suka zo da jajaye, amma cikin jikoki fararen idanu suka sake ɓullowa, ga maza kaɗai.

Da ma masana sun san akwai waɗansu 'yan zarurruka cikin ƙwayoyin jiki, ana ce da su kuromosom. A da Mogan bai yarda su ke ɗauke da gado ba. Amma da ya ga farin ido yana bin zaren nan da ke rarrabe namiji da mace, sai ya saki ra'ayinsa, ya bi gaskiya.

Almajirinsa, Alfred Sturtevant, ya lura cewa ƙwayoyin gado da ke maƙwabtaka a kan zare ɗaya ba safai suke rabuwa ba. Da wannan lissafi ya zana taswirarsu ta farko, aka buga ta cikin 1913.

Cikin 1933 aka ba Mogan kyautar Nobel, ya raba kuɗin tsakanin 'ya'yansa da na mataimakansa biyu. Ya rasu cikin 1945.

Aikinsa bai mutu ba. Mutum zare 46 gare shi, biyu biyu, watau tagwaye 23. Cikin 1983 Kary Mullis ya ƙago dabarar riɓanya ɗan guntun sinadarin gado har ya zama miliyoyi, neman mazaunin kowace ƙwaya ya yi sauƙi. Yau an san ƙwayar ciwon sikila a kan zare na 11 take. Kun ga, yara, kada ku raina ƙaramin abu.