MUHAMMAD ALI: ZAKARAN DA YA ƘI YARDA DA TSUFA

Da wuya a sami mai sha'awar damben zamani da bai san sunan marigayi Muhammad Ali ba. An fi ba da labarin nasarorinsa, amma wannan ɗan rubutu zai fi tsayawa ne a kan ƙarshen dambensa, lokacin da ƙarfi ya fara gudunsa har ya nemi taimakon ƙwaya.

An haife shi ranar 17 ga Janairu, 1942 a garin Louisville na jihar Kentucky a Amurka, aka raɗa masa suna Cassius Clay. Yana ɗan shekara 12 aka sace masa keke, ya je kai ƙara wurin wani ɗan sanda mai suna Joe Martin, wanda kuma yake koya wa yara dambe. A hannunsa ya fara koyo. A 1960 ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na birnin Rum. A watan Fabrairun 1964 ya doke Sonny Liston, ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyi yana da shekara 22. Nan take ya bayyana shigarsa ƙungiyar Nation of Islam, ya sauya suna, kuma a shekarar ce ya kawo ziyara Gana da Nijeriya da Masar.

A 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe fiye da shekara uku, wato shekarun da ɗan dambe ya fi ƙarfi a cikinsu. Sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa. Da ya dawo, saurin ƙafar nan da aka san shi da shi ya ragu, saboda haka ya koma dogara da dabara da juriyar duka. Da wannan dabara ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974: ya jingina da igiya, ya bar shi ya yi ta jibgarsa har ya gaji, sannan ya gama da shi a turmi na takwas. Dabarar ta yi aiki, amma jiki ne ya biya kuɗinta. Haka kuma karonsa na uku da Joe Frazier a Manila a 1975, turmi 14 suka yi suna kirɓar juna cikin tsananin zafi.

Bayan dambensa da Earnie Shavers a 1977, likitansa Ferdie Pacheco ya ga sakamakon gwaji da ya nuna ƙodar Ali ta fara taɓuwa. Ya rubuta masa takarda da shi da makusantansa cewa ya daina. Da bai sami amsa ba, sai ya ajiye aikin. A 1978 Leon Spinks ya doke Ali, shi kuma ya rama a cikin shekarar, ya zama mutum na farko da ya riƙe kambun masu nauyi sau uku. A 1979 ya ce ya yi ritaya. Da a nan ya tsaya, da labarin ya yi daɗi.

Amma a 1980, yana da shekara 38, ya amince ya kara da Larry Holmes a kan dala miliyan takwas. Holmes yaronsa ne a da, domin da shi yake atisaye a sansaninsa, kuma a lokacin yana da shekara 30, ba a taɓa doke shi ba. Hukumar dambe ta jihar Nevada ta tura Ali asibitin Mayo a duba shi. Rahoton ya nuna ƴar tangarɗa a maganarsa da wajen taɓa hanci da yatsa da tsalle da ƙafa ɗaya. Duk da haka aka ba shi lasisi.

A nan ƙwaya ta shigo. Zaman hutu ya sa nauyin Ali ya haura kilo 110. Wani likita, Charles Williams, ya ce wai halittar nan ta maƙogwaro, wadda in ta kumbura Hausawa ke kira maƙoƙo, ba ta aiki sosai a jikinsa, sai ya rubuta masa wani magani mai suna Thyrolar. Aikin wannan halitta shi ne daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci. Idan mai lafiya ya sha maganin, jiki yakan ƙona kitse da tsoka gaba ɗaya, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, zafin jiki ya ƙaru, gaɓoɓi su yi sanyi. Ali kuwa ya ɗauka maganin ƙarin kuzari ne, har ya riƙa ninka adadin da aka ce ya sha. Ranar awo ya zo da kusan kilo 99, nauyi mafi ƙanƙanta tun dambensa da Foreman. Ya rina furfurarsa, tumbi ya tafi, masu kallo suka ce saurayin da ya dawo. Ashe kyan ɗan maciji ne.

Ranar 2 ga Oktoba, 1980 aka gwabza a Las Vegas. Tun turmin farko aka ga hannun Ali ba ya tashi. Ya tsaya kawai yana kare fuska, Holmes na dukansa, har shi Holmes ɗin ya riƙa sassautawa yana duban alƙalin wasa ko zai raba. Alƙalai uku duk sun ba Holmes kowane turmi. Bayan turmi na goma, mai horar da shi Angelo Dundee ya ce ya isa. Wannan ne karo ɗaya tak da aka doke Ali kafin a kai ƙarshen dambe a matsayinsa na ƙwararren ɗan dambe. Holmes da ya ci nasara kuka ya yi.

A ganina bai kamata a ɗora wa ƙwayar laifin duka ba. Ko babu ita, da wuya mai shekara 38 da ya yi shekara biyu bai yi dambe ba ya iya da Holmes. Abin da ta yi shi ne ta gyara surar jikinsa ta yadda shi da magoya bayansa suka ruɗu, ta kuma raba shi da ɗan ƙarfin da zai kare kansa da shi. Wani abin lura ga mai karatu: irin wannan magani ba ya cikin jerin da hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999, ta haramta wa ƴan wasa. Waɗanda suka biyo baya ƙwayoyin gina tsoka suka fi nema. A 2005 James Toney, yana da shekara 36, ya doke John Ruiz, amma gwaji ya nuna sinadarin nandrolone a jikinsa, aka soke nasarar.

Ali ya sake gwadawa sau ɗaya, a Disambar 1981 a ƙasar Bahamas, inda Trevor Berbick ya cinye shi da maki. Ya bar dambe da nasara 56, an doke shi sau 5. A 1984 likitoci suka tabbatar yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da nauyin baki, kuma likitoci sun saɓa a kan iya rawar da duka ya taka wajen kawo ta. Ya zauna da ita shekara 32. A 1996 duniya ta gan shi a Atlanta yana kunna wutar Olamfik, hannunsa na rawa. Ya rasu ranar 3 ga Yuni, 2016 a jihar Arizona yana da shekara 74. An yi masa sallar jana'iza a Louisville, aka binne shi a maƙabartar Cave Hill da ke garin.