Osuntokun, Likitan Da Ya Bi Sawun Gubar Rogo

Jama'armu mazauna Ikko da Badun, tun da garin rogo ya zama abincinmu, ya kamata mu san wannan mutum. An haifi Benjamin Osuntokun a Okemesi cikin 1935, ya zama babban likitan jijiya a asibitin koyarwa na Badun.

A wajen Epe ya tarar da mutane suna tafiya da tangaɗi kamar mashaya, ƙafafu sun mutu, gani da ji sun ragu. Bincikensa ya danganta ciwon da gubar rogon da ba a jiƙa sosai ba, musamman ga talakan da nama da wake suka fi ƙarfinsa. Daga baya ya koma binciken ciwon mantuwa na tsofaffi. Ya rasu cikin 1995.