Robert Koch, likitan ƙauyen da ya fara ɗaukar hoton ƙwayoyin cuta

A yau ma'aikacin labo yana iya ɗaura kyamara a bakin madubin likita, wato mikroskop, abin da ke kan gilashi ya fito a allon kwamfuta. Cikin kyamarar akwai wani ɗan falle mai miliyoyin ƙananan gurabe. Kowane gurbi yana mayar da hasken da ya faɗa masa zuwa cajin lantarki, na'ura ta auna cajin ta mai da shi lamba, lambobin su haɗu su zama hoto. A 1969 aka ƙirƙiro irin wannan fallen a Amurka. Amma mutumin da ya nace sai an ɗauki hoton ƙwayar cuta kafin a yarda da wanda ya ce ya gan ta, ya rigayi wannan zamani da kusan shekara ɗari.

An haifi Robert Koch ranar 11 ga Disamba 1843 a Clausthal, garin masu haƙar ma'adinai a ƙasar Jamus. Ya gama karatun likita a jami'ar Göttingen a 1866, ya yi aikin jinyar sojoji a yaƙin Jamus da Faransa, sannan a 1872 aka naɗa shi likitan gunduma a Wollstein, wani ƙaramin gari da yanzu yake cikin ƙasar Polan. Babu jami'a kusa, babu labo. Wani ɓangare na ɗakin da yake duba marasa lafiya ya keɓe ya mai da shi wurin bincike.

Makiyayan yankin suna fama da cutar da ake kira charbon da Faransanci, wadda ke kumbura saifar dabba ta kashe ta farat ɗaya. Koch ya dinga sa wa ɓeraye jinin dabbobin da suka mutu, yana bin ƙwayar cutar mataki-mataki, har ya gano cewa takan dunƙule ta zama kamar iri mai tauri, ta daɗe a ƙasa tana jiran dabba. A 1876 ya kai sakamakon wurin Ferdinand Cohn, masanin tsirrai a Breslau, wanda ya buga aikin a mujallarsa.

A wancan lokacin masu bincike zana abin da suka gani suke yi da hannu. Koch bai yarda da zane ba, domin mai zane yakan gyara abin da idonsa ya gani ya dace da abin da zuciyarsa take tsammani, kuma wanda ke nesa ba shi da hanyar ƙaryata shi. Saboda haka ya koyi shafa ƙwayoyin a kan siririn gilashi, ya busar da su don su daina motsi, ya rina su, sannan ya haɗa kyamara da madubin. Ba shi da fitilar da ta isa, sai ya riƙa jawo hasken rana ta taga da wani madubi mai bin tafiyar rana. Fallen gilashin ɗaukar hoton kuwa sai an shafa masa sinadari an yi amfani da shi tun yana ɗanye. Girgije ya gifta, aikin ya lalace. A haka ya fitar da hotunan farko na bakteriya a 1877. A ganina wannan ce babbar gudunmawarsa ga aikin labo, ko da yake ba ita ce ta fi yi masa suna ba.

Abin da ya yi masa suna ya zo ne bayan ya koma Barlin a 1880. Ranar 24 ga Maris 1882 ya sanar da gano ƙwayar tarin fuka, kuma ya zo taron da madubai da gilasai domin kowa ya leƙa da idonsa. Shi ya sa ake bikin ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya a kowace 24 ga Maris. Rina majina a duba ta a madubi, hanyar da aka inganta daga aikinsa, har yanzu ana amfani da ita a asibitocinmu. A 1883 ya tafi Masar, daga nan Indiya, inda ya ware ƙwayar kwalara.

Sai kuma 1890, lokacin da ya ce ya samo maganin tarin fuka, tuberculin. Mutumin da ya saba baje hujja a gaban kowa, a wannan karon ɓoye abin da ke cikin maganin ya yi. Marasa lafiya suka yi tururuwa zuwa Barlin, maganin bai warkar ba, wasu ma suka mutu bayan allurar. Daga baya dai sinadarin ya yi amfani wajen gwajin fata don gano wanda ya kamu.

An ba shi kyautar Nobel a 1905. A 1906 ya tafi tsibiran Ssese na Tafkin Biktoriya, a Yuganda ta yau, don binciken ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Ya gwada wa ƴan Afirka atoxyl, magani mai ɗauke da gubar arsenik, da ƙarfi sosai, kuma da dama daga cikinsu suka makance. Ya kuma ba da shawarar a killace masu ciwon a sansanoni. Wannan babi ne da littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kansa ba, kuma har yau ana muhawara a kai a Jamus.

Ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa ranar 27 ga Mayu 1910 a Baden-Baden, yana da shekara 66. Tokar gawarsa tana ajiye a cibiyar binciken cututtuka ta Barlin mai ɗauke da sunansa.