Paul de Vivie

Paul de Vivie (an haife shi ranar 29 ga Afrilu, 1853, ya rasu a shekarar 1930), wanda aka fi sani da sunan alƙalaminsa Vélocio, ɗan kasuwa ne, maƙerin kekuna kuma mawallafin mujalla ɗan ƙasar Faransa. Ana ɗaukarsa a matsayin uban yawon buɗe ido a kan keke a Faransa. Ya shafe fiye da shekara arba'in yana wallafa mujallar Le Cycliste a birnin Saint-Étienne, yana kuma fafutukar ganin an karɓi keke mai giya da yawa, domin mutumin da ba ɗan tsere ba ya iya hawa tudu da ƙetare tsaunuka ba tare da ya sauka ya tura ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Pernes-les-Fontaines da ke yankin Vaucluse a kudancin Faransa, kusa da tsaunin Ventoux. Ya yi karatu a wata makaranta kusa da birnin Lyon, inda ya shaƙu da littattafan Latin da na Girkanci na zamanin da, kuma bai daina karanta su ba har tsufansa. Bayan makaranta ya koyi cinikin siliki, sannan ya zauna a Saint-Étienne, ya buɗe kasuwancinsa na kansa, ya yi aure a can.

A wancan lokaci Saint-Étienne birni ne na masana'antu: ana haƙar kwal, ana ƙera bindigogi, ana saƙa ƙyallayen ado na siliki. Maƙeran bindiga da suka ƙware a sarrafa ƙarfe su ne daga baya suka taimaka wa birnin ya zama cibiyar ƙera kekuna a Faransa. Birnin yana gindin tsaunukan Pilat, don haka duk mai son fita ta kudu sai ya yi hawa.

Shigarsa harkar keke

De Vivie ya sayi kekensa na farko a 1881, yana da shekara 28. Irin keken nan ne mai ƙatuwar tayar gaba da 'yar ƙaramar tayar baya, wanda ba shi da kaca, kuma faɗuwa daga kansa tana da haɗari. A wannan shekarar ya zama sakataren ƙungiyar masu keke ta Saint-Étienne. Ana ba da labarin cewa wani abokinsa ya ƙalubalance shi ya yi tafiyar kilomita 100 cikin awa shida, sai ya nufi garin La Chaise-Dieu da ke kan tudu. Shirun hanyar da kyan ƙauyukan da ya ratsa su ne suka sa masa son doguwar tafiya a keke, ya kuma gane cewa kekensa bai dace da irin wannan ƙasa ba.

Harkar siliki takan kai shi Ingila, inda ya ga masana'antun kekuna na birnin Coventry, waɗanda suke kan gaba a duniya a lokacin. A 1887 ya bar cinikin siliki, ya buɗe shagon shigo da kekuna daga Coventry, ya kuma fara mujalla mai suna Le Cycliste Forézien, wadda aka taƙaita sunanta zuwa Le Cycliste shekara guda bayan haka. A cikin wannan mujalla ya yaɗa kalmar Faransanci cyclotourisme, wato yawo a kan keke don ganin ƙasa. A 1889 ya fara ƙera keke nasa mai suna La Gauloise. Yana cikin waɗanda suka yi kiran a kafa ƙungiyar matafiya ta ƙasa irin ta Ingila, kuma an kafa Touring Club de France a 1890.

Matsalar hawan tudu

Kekunan wancan zamani giya ɗaya gare su. Idan aka sa giya mai nauyi, keke yakan yi gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya amma ya gagari mahayi a kan tudu. Idan aka sa mai sauƙi, hawa yakan zo da dama amma mutum ya yi ta juya feda a fili ba tare da ya yi nisa ba. Hanyar da de Vivie yake gwaji a kanta ita ce mashigar tsauni ta Col de la République, kudu da Saint-Étienne, mai tsayin mita 1,161. Hanyar tana ratsa dajin itatuwa masu duhu, shi ya sa ake kiranta Col du Grand Bois. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa wata rana wani mai karanta mujallarsa ya wuce shi a wannan hawa yana zuƙar lofe hankali kwance, domin giyar kekensa ta fi sauƙi. Wannan ne ya sa ya duƙufa neman yadda keke ɗaya zai ɗauki giyar fili da giyar tudu tare.

Ya gwada dabaru iri-iri. A ɗaya daga ciki ya sa farantan haƙora biyu masu girma daban a wajen feda, mahayi ya sa hannu ya ɗaga kacar daga wannan zuwa wancan. A wata ya sa kaca biyu, ɗaya a kowane gefen keke. Turawan Ingila sun fi son a ɓoye giyar a cikin cibiyar tayar baya, shi kuwa da abokan tafiyarsa sun karkata ga na'urar da ke ture kaca daga wani faranti zuwa wani, wadda Faransawa ke kira dérailleur. Sau da yawa akan ce shi ya ƙirƙiro wannan na'ura, amma masana tarihin keke sun nuna cewa maƙera da dama a Ingila da Faransa sun yi aiki a kanta. Gudummawarsa ita ce gwaji a kan hanya, wallafa sakamako, da ƙarfafa maƙeran Saint-Étienne irin su Joanny Panel, wanda ya fitar da samfurin Le Chemineau. De Vivie bai yi arziki da wannan aiki ba.

Saɓani da 'yan tsere

Masu shirya gasar tsere ba su yi maraba da giya mai sauyawa ba. Henri Desgrange, wanda ya kafa gasar Tour de France a 1903, yana ganin cewa ƙarfin ƙafa ya kamata ya raba gardama tsakanin 'yan tsere, kuma na'urar ta dace ne da tsofaffi da marasa ƙarfi. Shi da de Vivie sun daɗe suna musayar ra'ayi a rubuce, ɗaya a jaridar L'Auto, ɗaya a Le Cycliste.

A 1902 Touring Club de France ta shirya gwajin kekuna a tsaunukan Pyrénées, wanda ya haɗa da mashigar Tourmalet mai tsayin mita 2,115. Wata mata mai suna Marthe Hesse ta hau tsaunin a kan keke mai giya uku ba tare da ta sa ƙafa a ƙasa ba, abin da ya zama hujja babba ga ɓangaren de Vivie. Duk da haka sai a 1937, shekara bakwai bayan rasuwarsa, aka amince wa dukkan 'yan tseren Tour de France su yi amfani da na'urar. Masu yawo sun riga su da shekaru masu yawa.

Salon tafiyarsa

De Vivie ya tara matasa da suka riƙa bin sa, aka san su da sunan École stéphanoise, wato makarantar Saint-Étienne. Sukan tashi da asuba ko cikin dare, su ƙetare Col de la République, su gangara kwarin kogin Rhône, su nufi kudu zuwa Provence da gaɓar Bahar Rum. Wasu tafiye-tafiyen sukan kai awa arba'in da ɗan hutu kaɗan. Ya kuma yi yawo a mashigun tsaunukan Alps na Faransa da Suwizalan. Bayan kowace tafiya yakan rubuta rahoto a mujallarsa: yanayin hanya, tsayin hawa, giyar da ya yi amfani da ita, da abin da ya ci. Ya fi son ƙananan tayoyi masu kauri, saboda yawancin hanyoyin karkara na lokacin ba su da kwalta. Ba ya cin nama, kuma ya ci gaba da doguwar tafiya har bayan ya haura shekara saba'in.

An fi tuna shi da ƙa'idoji bakwai da ya bar wa matafiya. Ma'anarsu a taƙaice: a rage yawan tsayawa kuma kada a daɗe a tsaye; a ci abinci da ruwa kaɗan-kaɗan tun yunwa da ƙishirwa ba su kama ba; kada a gaji har abinci ko barci ya gagara; a ƙara tufafi tun sanyi bai shiga jiki ba, a rage tun zafi bai dama ba; a guji barasa da nama da taba a lokacin tafiya; kada a takura jiki, musamman a awannin farko; kuma kada a tuƙa keke don burge mutane. Masu tafiyar nesa a ƙasashe da dama suna aiki da su har yau.

Rasuwa

A ƙarshen watan Fabrairun 1930, jirgin ƙasa na cikin gari ya buge shi a kan titi a Saint-Étienne, ya rasu sakamakon raunin da ya samu yana da shekara 76. An binne shi a maƙabartar Loyasse da ke Lyon. Mujallar Le Cycliste ta ci gaba da fitowa shekaru da dama bayansa.

Tunawa da shi

An kafa masa dutsen tunawa a ƙololuwar Col de la République, mashigar da ita ce ta farko mai tsayi fiye da mita 1,000 da Tour de France ta bi a 1903. Tun 1922 ake taron Journée Vélocio, inda masu keke manya da yara suke hawa wannan tudu daga Saint-Étienne. Taron da ya saba kira a Provence lokacin bikin Ista ya zama al'ada mai suna Pâques en Provence. Tun 1947 ƙungiyar Audax Club Parisien take shirya Flèche Vélocio, inda ƙananan tawagogi ke tuƙa aƙalla kilomita 360 cikin awa 24 su haɗu a wurin taron. Haka kuma hanyoyi tara da ake kira Diagonales de France, waɗanda ke haɗa biranen Brest, Dunkerque, Strasbourg, Menton, Perpignan da Hendaye, sun samo asali ne daga shawarar da ya kawo. Tituna a garuruwa da dama na Faransa suna ɗauke da sunansa.